Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai, Masu Unguwanni Da Waliyyan Aure Na Birnin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah shi gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na salloli biyar. Ranku shi daɗe iyayen ƙasa, masu unguwanni da dattawan zaure. Ina kuma gaida baffanni da kawunnai da ake ɗora wa waliccin 'ya'yan mutane, su zauna gaban liman su ce "na ba da" ko "na karɓa". Gaisuwa ce irin ta ɗa ga mahaifi, takalmi a waje, gwiwa a ƙasa. Idan harshena ya zarce inda ya kamata ya tsaya, ina roƙon afuwa tun daga nan.

Ni ɗan kasuwa ne. Atamfa da leshi da shadda nake sayarwa a babbar kasuwar Sakkwato, yau shekara 27 ke nan. Amma takardar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Muna da majalisa da muke zama bayan La'asar a gindin wata darbejiya a unguwarmu: teloli, malaman firamare biyu, masu kabu-kabu, wani mai gyaran waya, da wani da ke safarar albasa zuwa kudu. Akwai mai jikoki a cikinmu, akwai kuma tuzurun da ya haura shekara 30 yana son aure yana tsoronsa. Su suka ce tunda ni ne mai ɗan haƙurin rubutu, in rubuto muku da yawunsu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, wata Juma'a kwanan baya an ɗaura aure uku a masallacin unguwarmu cikin abin da bai kai minti 15 ba. Aka shafa Fatiha, aka raba goro da alawa, maroƙi ya yi shela. Muna neman takalmanmu a bakin ƙofa na tambayi waliyyin ɗaya daga cikin angwayen, wanda abokina ne tun muna makarantar allo, ko amaryar 'yar gidan wa ce. Ya yi dariya ya ce wallahi sunan mahaifinta ma da safen nan ya san shi, yaron ne ya turo masa ta waya don kada ya yi kuskure gaban liman. Ya faɗe ta ne kamar abin raha. Da na kai labarin majalisa, babu wanda ya yi dariya.

Iyayenmu, abin da namiji ke nema wurin matar aure ba ɓoyayye ba ne. Kyau abin so ne, babu mai musu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema. Amma shi ne kuma ya lissafa abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, dukiya da nasaba da kyau da addini, ya ce a riƙi ma'abociyar addini. A aya ta 34 ta Suratun Nisa'i Allah ya siffanta mata na ƙwarai da cewa masu ɗa'a ne, masu tsare abin da aka bar musu a bayan ido. Mu a garin nan wannan aya kamar don mu ta sauka. Mazanmu nawa ne ke ci-rani a Legas da Ibadan da Fatakwal, su yi wata biyar, wata shida ba su taka gida ba? Nawa ke kwana kan hanyar Illela da Ƙwanni? Mutum zai tafi ya bar ɗakinsa da 'ya'yansa da buhun geronsa da tsohuwarsa mai ciwon ƙafa a hannun mace ɗaya. Abin da muke kira amana shi ne ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su, kuma ranar da tukunya ta kwana ba a ɗora ta ba, maƙwabta ba su ji labari ba.

To wannan hali ba a ganinsa wurin zance. A wurin zance kowa waliyyin Allah ne. Yarinya ta sha lalle da turare, murya ƙasa-ƙasa, yaro ya ari agogon abokinsa yana magana kamar bai taɓa fushi ba. Saurayi mai shekara 25 da so ya rufe wa ido, ko rijiya ka nuna masa zai ce maka inuwa ce. Saboda haka ne magabata ba su bar wa yaro wannan aiki ba. Naku ne. Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne kun ajiye shi.

Bari in gaya muku yadda aka yi nawa a 1998, ba don ku ba ku sani ba, sai don matasan da za su karanta su ji. Da na gaya wa mahaifina, Allah shi jiƙan shi, na ga yarinya, tambaya ɗaya ya yi mini: gidan wa? Bai ƙara ce mini komai ba har wata uku. Ashe ya tura gwaggona. Ta shiga gidan sau uku, na farko da sunan sayen ƙuli-ƙuli, tunda uwar yarinyar tana yin na sayarwa. Ta zauna ta ja hira, idonta na kan randa da madafa da yadda aka kife kwanoni. Ta lura da yadda yarinyar ke amsa kiran uwarta, da yadda take yi da 'ya'yan kishiyar uwarta idan suka yi ɓarna. Ta bi ta wurin mai kitson unguwar, don mai kitso ta fi mai unguwa sanin abin da ke cikin gidaje, ranku shi daɗe, wannan kun san gaskiya ce. Ƙanen mahaifina kuma ya je wurin malamin makarantarsu da mai shagon da suke cin bashi. Su ma can ba su zauna ba. Sun aiko kasuwa wurin ubangidana suna tambaya ko kuɗi sun taɓa yin ɓatan dabo a hannuna, sun tambayi ladanin masallacinmu ko yana ganina da Asuba, har wata tsohuwa suka sa ta gano musu yadda nake yi wa mahaifiyata magana. Ranar da gwaggo ta kawo rahoto ina bayan ƙyaure ina saurare. Cewa ta yi, "Wagga yarinya an aike ta sau ukku gabana, rana tsaka, ba ta turo baki ba. Ku amsa."

Ban san nauyin maganar gwaggo ba sai a watan Janairun 2021, lokacin da gobara ta tashi a babbar kasuwa. Shagona na cikin waɗanda suka tafi, da kayan da na biya da waɗanda ban biya ba. Na shigo gida bayan Isha'i, rigata na warin hayaƙi, na zauna kan turmi a tsakar gida na kasa shiga ɗaki. Uwargidana ta kawo ruwa a kofi ta ajiye gabana, ta kora yara ɗaki, ba ta tambaye ni nawa ya ƙone ba. Da asuba na dawo masallaci na tarar da wani ɗan gwangwanin madara a kan tabarmata. Ciki akwai 'yan kunnenta da sarƙarta na zinari, naɗe a ƙyalle, da kuɗin adashin da ta kwasa a watan. Ta ce, "Malam, tashi ka tai kassuwa, zaman gida ba naka na ba." Mun yi watanni muna cin tuwo da miyar kuka ba ko ƙashi a ciki, gidansu na nan bai kai tafiyar minti 10 a ƙafa ba, amma har yau mahaifiyarta ba ta san mun shiga wannan hali ba. A layinmu na kasuwa akwai wani yaro da gobarar ta cinye shi kamar yadda ta cinye ni, aurensa bai shekara ba. Amaryar ta ce za ta je ganin gida, daga nan sai motar kwasar kaya ya gani. Shi da kansa ya gaya mini babu wani babba nasa da ya taɓa shiga gidansu kafin ranar kai kuɗin gaisuwa.

Na san za ku ce zamani ya canza, kuma gaskiya ne. Garin da dā ake ƙirga shi daga Ƙofar Rini zuwa Ƙofar Atiku yanzu ya miƙe har Arkilla da Mabera da Dambuwa da Bado. Mutum na iya shekara biyar a gidan haya bai san sunan mai katanga ɗaya da shi ba. Ga 'yan'uwanmu da ta'addancin 'yan bindiga ya koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, sun shigo birni da 'yan matansu da samarinsu, mutanen kirki da yawa, amma ba wanda ya san su. Duk wannan ya ƙara wa bincike wuya. Sai dai wayar da ke aljihun kowannenku ta rage masa wuya fiye da yadda girman gari ya ƙara. Limami a Runjin Sambo zai iya samun limamin ƙauye a Isa kafin shayinsa ya huce. In buhun albasa za mu saya daga Wurno sai mun kira mutum uku mun tambaya. Uwar jikokinmu kuwa sai mu yi mata cinikin biri a sama.

Kuka na biyu ya fi na farko ciwo, don wanda ya ɗaure ya yi binciken ma ba a gaya masa gaskiya. Amsa ɗaya ce a bakin kowa, kamar an haddace ta: "Ba mu san ta da komai ba sai alheri." Haka ake cewa kan namiji ma. Kowa na gudun a ce shi ya ɓata auren 'yar maƙwabcinsa. Allah shi gafarta malamai, ku kuka karantar da mu hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu a cikin Sahihu Muslim. Ta zo wa Manzon Allah da shawarar mutum biyu da ke nemanta, Mu'awiya da Abu Jahmi. Bai ce mata duka sai alheri ba. Ya gaya mata Abu Jahmi ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, Mu'awiya kuma ba shi da dukiya, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Imamu Nawawi ya lissafa irin wannan shawara cikin wuraren da faɗin aibin mutum ba giba ba ne. Amma yaushe rabon da mu ji wannan a kan mumbari?

Ɗan yayana tela ne, yaro mai sanyin hali. Da ya samo yarinya, ni da kaina na je unguwarsu na tambayi dattawa uku. Duka suka ce sai alheri. Ashe babu wanda bai sani ba a layin cewa tana da wanda take so, mahaifinta ya hana, kuma ta rantse gaban ƙawayenta ba za ta zauna da kowa ba in ba shi ba. Aka yi biki. Cikin wata huɗu ta yi yaji sau uku, muka yi biko har muka gaji, ƙarshe a gaban alƙali aka raba su ta hanyar hul'i. Yaron nan har yau keken ɗinkinsa ɗaya na hannun wanda ya ranta masa kuɗin lefe. Bayan komai ya lafa na haɗu da ɗaya daga cikin dattawan nan uku a wajen jana'iza, ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, ai mu dama mun san za a rina." Na dube shi na rasa abin cewa. Ranar wanka ya ɓoye mini cibi, ya zo yana nuna mini shi bayan an watse.

Kuma ban ga laifin yarinyar nan kamar yadda na ga na manyan da ke kanta ba. Na san mazhabarmu ta Malikiyya ta ba uba iko a kan auren 'yarsa budurwa, ni kuwa ɗan kasuwa ne, ban isa in yi jayayya da malamai ba. Amma na kuma ji daga bakinku cewa Hansa'u 'yar Hidamu ta kai wa Manzon Allah ƙarar auren da mahaifinta ya yi mata ba da sonta ba, aka warware shi. Zuciyar da ke wani gida ba za ta tsare amanar wannan gidan ba, ko da an kulle ƙofa da kwaɗo goma. Uban da ya tura 'yarsa haka ya zalunce ta, ya kuma zalunci bawan Allahn da ya karɓa bai sani ba.

Na uku, lefe. A nan da kaina nake wa ɓarna, don da lefe nake ciyar da iyalina. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake ganin takardun da samari ke shigowa da su shago, rubutun gwaggonnin amarya: akwati saiti kaza, atamfa turmi kaza kuma an faɗi irin wadda ake so, leshi kaza, mayafai, takalma da jakunkuna kowanne da mahaɗinsa. Yaro zai tsaya yana karantawa hannunsa na rawa, ya ce in ba shi rabi bashi. Wannan fa bayan kuɗin na-gani-ina-so da na gaisuwar iyaye da kayan sa rana, kafin a zo kamu da dina da daren Larabawa da ranar ƙauyawa, abubuwan da kakanninmu ba su san su ba. Can gidan amarya kuma uba na sayar da gona ko ɗan filinsa don gado da kujeru da gara. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, amma takardar lefe ba ta ragu da ko ɗankwali ɗaya ba.

Alhali a zaurukanku muka karanta littafin fiƙihu na Risala, inda aka ce aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari. Ba a ambaci akwati ba. Abin da wannan tsada ke yi wa zaɓen mata shi ne ya mayar da shi gwanjo. Yaro mai salla da sana'a, wanda ya san darajar mace, ana sallamarsa tun a zaure don ba zai iya cika takarda ba. Wanda ya iya cikawa kuwa ba a tambayar inda ya samo. Ita kuma yarinya tun tana ƙarama ta ga ana buɗe akwatunan yayarta gaban mata ana ƙirgawa ana guɗa, ko ana taɓe baki. Me muka koya mata ke nan game da abin da ake zama gidan miji dominsa? Ga shi kuma amarci bai ƙare ba masu bin bashi sun fara sallama, faɗan farko na ango da amarya a kan kuɗi ne.

Maganar waya ba zan daɗe a kanta ba, don kowa ya gaji da jin ta, ni ma da WhatsApp nake tura wa abokan cinikina hotunan kaya. Abin da kawai zan ce, dā a zaure ake zance, da fitila, ƙanen yarinya na kai da kawowa, uba ya san ƙarar keken wanda ke zuwa. Yau ana shekara ana soyayya ta Facebook da TikTok, uba bai san da mutum ba sai ranar da aka aiko za a zo gaisuwa. A lokacin kuwa an riga an yi nisa, duk wanda ya ce a tsaya a bincika ya zama maƙiyi.

Kada a ce mun taru a gindin bishiya mun ɗora wa mata laifi mun wanke kanmu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muna da samarin da ke zuwa zance da motar aro, su ce suna aikin gwamnati alhali ko sana'ar wanke hula ba su da ita. Muna da masu shan ƙwaya da maganin tari, unguwa duk ta sani, a ba su 'yar mutane a ce aure zai gyara su. Muna da magidantan da saki ke bakinsu kamar goro, wani ta saƙon waya zai aika, uku a haɗe, don miya ta yi gishiri. Allah ya ce a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ kada a fitar da matan da aka saki daga gidajensu cikin idda, amma a garin nan takarda da Keke Napep tare suke isowa ƙofar gida. Yarinyar da ta tashi ta ga an kori uwarta da goyo a baya bayan shekara 15 na haƙuri, in ta yi aure da ƙafa ɗaya za ta shiga ɗakin miji, ɗayar na waje, tana ɓoye 'yan kuɗinta saboda ranar da za ta zo kanta. Mu muka shuka wannan. Namijin da ke son mace ta riƙe masa amana, shi ne shugaban gida, shi ya kamata a fara gani da ita: ci da sha da sutura, da adalci in yana da fiye da ɗaya, da rufa mata asiri a majalisa kamar yadda yake so ta rufa masa a gidan biki.

Kuma abin kunya ne a ce a Sakkwato ake wannan kuka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi, a cikin littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar koyar da mata, tana naɗa musu jagorori mata da ake kira jaji tana ba su malfa, suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini da zaman gida da waƙoƙin da ake haddacewa. Mata ne suka riƙa tarbiyyar mata. Yau wa ke zaunar da 'yar da za a kai ɗaki ya gaya mata abin da ke gabanta, in ban da nasihar minti biyar da ake yi mata daren kai amarya tana kuka ba ta ji? Shi angon ma ko wannan bai samu ba, abokai ne ke rakiyarsa da shewa.

Ga abin da muke roƙo.

Allah shi gafarta limamai, kada ku ƙara ɗaura auren da aka kawo muku labarinsa da safiyar ranar. Ku sa sharaɗin a sanar da ku da aƙalla mako guda, ku kira waliyyan biyu ku tambaye su a keɓe: wa ya je bincike, wa ya tambaya, me aka gaya masa? Ku sa wata dattijuwa amintacciya, ko iyalin liman, ta ga yarinyar ita kaɗai ba uwa ba gwaggo, ta ji ta bakinta. Waliyyin da ya ce da safen nan ya ji sunan surukinsa, ku ce masa ya je ya dawo. Sau biyu kawai za ku yi haka labari ya zaga gari. Sannan muna roƙon huɗuba, ba sau ɗaya ba, a kan cewa wanda aka nemi shawararsa kan aure amana aka ba shi, ya faɗi abin da ya sani gwargwadon buƙata, ba ƙari ba ragi, kuma wanda aka gaya wa ya binne maganar a cikinsa.

Ranku shi daɗe masu unguwanni, kowace unguwa ta san dattawanta maza da mata da ba a taɓa kama su da ƙarya ko tsegumi ba. Ku fitar da uku ko huɗu, a san su, don baƙon da ya zo bincike ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa maimakon ya tsaya wurin mai shayi. In iyalin baƙi ne, ku taimaka a samu dagacinsu ko limaminsu ta waya. Amma a yi hattara da abu biyu. Hali ake bincike, da addini, da lafiya, da sana'a. Ba a aike ku tonon asali don a ce kakan wane mahauci ne ko maƙeri ko wanzami ba, wannan ya hana auren mutanen kirki da yawa a garin nan. Kuma wanda ya yi kuskure ya tuba, aka ga tubansa shekara da shekaru, ba a tone masa. Haka bazawara, kada mutuwar aurenta ta zama shaida a kanta kafin a ji abin da ya kashe shi. Uwar muminai Nana Hadiza ta yi aure kafin Manzon Allah, kuma ita ce ta tsaya masa da ranta da dukiyarta ranar da Makka duk ta juya masa baya.

Gwajin jini a yi shi kafin sa rana, ba ana saura kwana uku biki an riga an raba katin gayyata ba, lokacin da ko sakamako ya fito da matsala kunya za ta sa a rufe. Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Mu ma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ba nisa. In namiji da mace duka masu rukunin AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai amosanin jini. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila ya san irin jarrabawar da wannan ke yi wa aure.

Lefe kuma ku zauna ku yanke masa iyaka unguwa-unguwa, amma ku fara da 'ya'yanku. Talaka ba zai rage ba muddin yana ganin akwati 12 na shiga gidan mai unguwa ko gidan liman. Ni na yarda cinikina ya ragu. Waɗanda kuma Allah ya ba ikon shiga fada a cikinku, muna roƙon ku kai wannan magana gaban Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, don abin da ya fito daga Kanwuri ya fi saurin shiga kunnen mutane, har da na wajen jihar nan.

Waliyyai, aikinku ba ya ƙarewa da rabon goro. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ku ne su. Ku leƙa gidan bayan wata ɗaya, bayan wata uku, ku ja yaron gefe ku tambaye shi, ku tura iyalinku su tambayi yarinyar. Kada ku bari sai takarda ta fita sannan a zo ana neman malamin da zai ce saki ukun ɗaya ne.

Ɗana na biyu ya kawo mini sunan yarinya makon jiya. Iyayenta mutanen gabas ne, rikicin 'yan bindiga ya kawo su, suna haya a Mabera. Ban san kowa nasu ba, gwaggon da ta yi mini nawa kuma ta daɗe da rasuwa. Na ce masa ya ba ni wata uku, ya ɓata rai, na ce ko ya ɓata. In Allah ya kai mu Asabar bayan Azahar, ni da ƙanena za mu zo zauren limamin unguwarmu da ɗan goronmu, mu roƙe shi ya nemo mana lambar limamin garinsu.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Sakkwato,
a madadin 'yan majalisar gindin darbejiya.